Ba tsufa ke kashe motocinmu ba, robar banza ce



Yau ba siyasa za mu taɓa ba. Maganar wata ƴar roba ce, wadda girmanta bai wuce kofin shayi ba, tana maƙale ƙarƙashin mota inda ba mai ganinta. Makanikanmu na kiranta silanbulok, na ƙetaren iyaka kuma suna cewa bushin. Mai yiwuwa wani ya ce mi ya haɗa shafin labarai da robar mota. To ku ɗan ba mu haƙuri, don duk wanda ya taɓa shiga motar tasha, ransa ya taɓa hawa kan robar nan bai sani ba.

Abin da ya tado maganar shi ne wata tafiya da muka yi zuwa Dakoro cikin wata 504 famiyal. Tun fitarmu daga Maraɗi muke jin ƙara daga gaba, gwaf, gwaf, duk ramin da aka faɗa. Da direba ya taka burki don kauce ma wani amalanke, sai mota ta fizge ta yi hannun dama kamar an ja ta da igiya. Allah ya tsare, muka tsaya cikin rairayi. Dattijon ya sauka, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi, ya fito da guntayen roba a tafin hannunsa. Ya murza su, suka marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya dube mu ya ce: “Wallahi ƴaƴana, wanga abu bai yi wata biyu ba da na sa shi. Wadda na cire kuwa, tun da na sayi motar take ciki.”

Wannan magana ta dattijon ita ce ta hana mu barci. Ta yaya robar da ta zo da mota za ta yi shekaru tana aiki, sabuwa fil daga kwali kuma ta kasa wata biyu?

Mu fara da aikinta. Ƙafar mota ba a manne take da jikin mota ba. Hannuwan ƙarfe ne ke riƙe da ita, suna hawa suna sauka yadda hanya ta yi da su. A duk inda hannun ƙarfe ya haɗu da jikin mota, akwai roba a tsakani. Kamar gammo ne tsakanin kai da tulu. Ita ke shanye dukan hanya, ita ke barin hannun ya motsa ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba, kuma ita ke riƙe taya ta tsaya daidai inda sitiyari ya nufa. Akwai irinta a idon amortisa sama da ƙasa, akwai a bakin lam na motocin kaya, akwai a sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, akwai kuma manya waɗanda inji da akwatin giya ke zaune a kansu.

Ranar da robar nan ta mutu, ba ita kaɗai ke tafiya ba. Taya ta fara cinyewa gefe guda. Sitiyari ya yi wasa. Mota ta riƙa jan gefe in an taka burki. Amortisa ya mutu kafin lokacinsa. In an bar abin ya daɗe, ramin ƙarfen da robar ke zama ya buɗe ya zama kamar ƙwai, sai an kai ga mai walda. Daga nan sai a ce mota ta tsufa. Ba tsufa ta yi ba, gwiwoyinta ne aka bari ba guringuntsi.

Kuma ku duba irin motocin da muke magana a kansu. Peugeot 404 ta fito a 1960. Ita 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, kuma can aka ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Shi ya sa ta cika hanyoyin Katsina da Maraɗi, da Kano da Damagaram, da Sakkwato da Ƙonni. Ga Marsandi 190 da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, wadda kowace ƙafar bayanta hannuwa biyar ke riƙe da ita, kowane hannu da mahaɗa biyu, sai ku lissafa yawan robar. Ga tsofaffin Land Cruiser da Hilux waɗanda su kaɗai ke iya ma rairayin arewacin Tawa da Tanut.

A Faransa, motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin motar tarihi. Mai ita ya rufe ta cikin garaji, ya fito da ita ranar Lahadi in rana ta yi kyau, ya zaga gari a tafa masa. A nan wurinmu irin wannan mota ita ke ɗauko albasar Galmi, ita ke kai awaki kasuwa, ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. In robar Bature ta fashe, sha'awarsa ce ta jinkirta. In tamu ta fashe, tukunyar gida ce ta sauka daga murhu, wani lokaci kuma gawa ce ake ɗauka. Don haka neman roba mai ƙarko ya fi zama dole a kanmu fiye da su.

To mi ya bambanta roba da roba, alhali duk baƙaƙe ne a ido?

Asalin roba ƙaron wata bishiya ce da ake shukawa a ƙasashe masu ruwa. A nahiyarmu Kodebuwa ce kan gaba wajen nomanta. Ɗanyen ƙaron nan ba ya aikin mota, zafi na narka shi, sanyi na sandarar da shi. A 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa in an dafa shi da farar wuta yana yin ƙwari, ya riƙa miƙewa yana komawa. Daga baya aka koyi zuba masa wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ke ƙara masa ƙarfi kuma shi ke ba shi baƙin launi, da wasu magunguna da kakin da ke kare shi daga rana da iska. Kowane ɗaya daga cikin kayan haɗin nan kuɗi ne. Wanda ke son ya sayar da araha ya san inda zai rage: ya ƙara alli ko farar ƙasa don abin ya yi auki, ya zuba niƙaƙƙiyar tsohuwar roba, ya tsuke hannu wajen maganin kariya, ya yi sakaci da ɗankon da ke manne robar da bututun ƙarfenta. Kamar nonon da aka tsinka da ruwa ne. A ƙwarya duk fari ne, sai an dama fura ake sanin na gaskiya.

Kuma roba iri-iri ce, kowace da wurinta. Ta bishiya ta fi kowace iya shanye duka, shi ya sa ake yin silanbulok da ita, amma ba ta shiri da mai. Akwai wadda ake kira nitril, ita ce mai jure man inji da gazuwal. Akwai EPDM ta tiyon radiyeta da bakin ƙofa, mai jure rana da ruwan zafi, amma mai na kumbura ta. Masana'antar kirki tana zaɓar ma kowane wuri irin nasa. Ta banza kuwa ƙulli ɗaya take kwaɓawa ta zuba a kowane irin mazubi.

Sai kuma ƙasarmu ta ƙara nata. Abokan gaban roba huɗu ne: zafi, hasken rana, mai, da nauyi. Duk huɗun muna da su har da na kyauta. A watannin Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a inuwa, balle ƙarƙashin mota kusa da salansa a kan kwalta. Masana sinadarai na da wani ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin tsufan irin waɗannan kaya. Ƙa'idar ajiyar roba ma cewa ta yi a sa ta wuri mai duhu, zafinsa ƙasa da digiri 25, nesa da injin lantarki da wurin walda, don tartsatsinsu na haifar da wata iska da ke tsattsaga roba. Yanzu ku tuna yadda muke sayar da ita: cikin shagon kwano, ko rataye a ƙusa bakin titi, rana na dukanta tun hantsi, ga janareta na ruri a gefe. Wata robar tun a shago ta ci rabin shekarunta.

Yanzu mu shiga kasuwa. In ka tashi neman roba ga tsohuwar mota, hanyoyi biyar ne gabanka, kuma kowace da tarkonta.

Ta farko ita ce wadda ake ce ma orijinal tsohon ajiya. Mai shago ya shiga ciki ya fito da kwali mai ƙura da tambarin zaki, ya ce tun zamanin Kaduna take. Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Amma roba ba ƙarfe ba ce. Fistan ko giya in sun yi shekara 20 cikin kwali ba abin da ya same su. Roba kuwa tana tsufa ko ba ta taɓa hawa mota ba. Tsohon ajiya a ƙarfe alheri ne, a roba sai an duba da kyau.

Ta biyu ita ce okaziyon, wadda aka kwance daga motocin da suka shigo ta Kwatano ko Lome, ko wadda ake tsinta a Katako ta Yamai da Ƙofar Ruwa ta Kano. Mu faɗi gaskiya: hannun ƙarfe da aka ciro daga motar da ta yi rayuwarta a ƙasar sanyi, da robarsa ta asali lafiya lau, sau da yawa ya fi sabon jabu daɗewa. Amma motocin da muke magana a kansu sun daɗe da ƙarewa a can, abin da ya rage ana kwance shi ne daga motocin da suka sha irin wahalar da tamu ta sha. A sa ƙarfe a ɗan banƙara robar a gani. In tsaga ta buɗe baki, ko robar ta rabu da bututunta, a bar ta.

Ta uku ita ce sabuwa cikin kwali. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Hutchinson da Sasic na Faransa, da Lemförder da Febi da Meyle na Jamus. Matsalar ita ce buga kwali ya fi dafa roba sauƙi, kuma masu jabu sunan da ya yi kyau suke kwaikwayo. A nan muna so mu gyara wata magana da ta zama ruwan dare, wai duk kayan Sin banza ne. Ba haka ba ne. Masana'anta, a Sin take ko Turkiyya ko Indiya ko Nnewi, abin da aka biya ta take yi. In ɗan kasuwa ya je ya ce a yi masa mafi araha, mafi araha za a ɗora masa a kwantena. Tambayar ba wace ƙasa ba ce, tambayar ita ce wane daraja aka yi oda.

Ta huɗu ita ce ta gida, wadda masu yankan roba ke sassaƙawa daga tsohuwar tayar kamiyo. Waɗannan bayin Allah sun cancanci a yaba masu. Da wuƙa da ƙarfen huda sun tayar da motocin da ba a ƙara yi ma kaya ko'ina a duniya. Robar tayar babbar mota roba ce ta kirki, kuma a wurare da dama tana aiki sosai: bakin lam, idon amortisa, maratayin salansa, sandar kwana, da robar da ke tare ƙafa in mota ta dira. A irin waɗannan wurare ta sha kunyata ta kwali. Amma tana da iyaka. Silanbulok na hannun gaba da mazaunin inji an dafa robarsu ne manne da ƙarfe, kuma murɗewar robar a cikin mannen nan ita ce aikin. Wadda aka sassaƙa aka cusa ba ta da wannan manne. Ko ta riƙa juyawa tana cin ƙarfe, ko ta yi tauri ta miƙa ma jikin mota dukan da ya kamata ta shanye. Ta fitar da kai daga daji, e. Ta zauna a ƙafar gaban motar da ke ɗaukar mutum tara a kan gudron, a'a.

Ta biyar sabuwar shigowa ce, mai launin ja ko rawaya ko shuɗi, ana ce mata poliyuretan. Mai ba ya cin ta, rana ba ta tsaga ta da wuri. Sai dai ta fi roba tauri, kuma tana son man shafawa nata na musamman. A ƙasar ƙura irin tamu, man nan in ya haɗu da rairayi ya zama kamar dutsen niƙa. A bakin lam na Land Cruiser tana da amfani in ana kula da ita. A ƙaramar mota mai tsohon jiki, kan hanya mai gargada, taurinta na iya tsaga wurin da aka ɗaure ta.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe a ƴan shekarun nan. Toyota ta koma ƙera wasu kayan tsohuwar Land Cruiser 40, ƙungiyar L'Aventure Peugeot da ke Sochaux na sayar da kayan tsofaffin Peugeot, Marsandi ma na da sashen tsofaffin motoci. Kayan na kirki ne, amma an yi masu kuɗi ne don masu sha'awa, ba don direban tasha ba. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Robar yuro 30 ta tasar ma jika ashirin tun ba a yi maganar jirgi da duwan ba. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kafin ka biya, ga abin da hannu da ido za su iya gaya maka. Lanƙwasa ta ko ka matsa ta da ƙarfi, ka duba ko ƙananan tsaga sun bayyana. Danna farce: ta kirki tana shiga kaɗan ta komo nan take, ta banza ko ta ƙi shiga kamar itace ko ta bar shaida kamar sabulu. Goga ta a takarda, in ta bar baƙi mai yawa ko tana marmashi, ajiye ta. Shinshina, warin ƙonanniyar taya ba alamar alheri ba ne. Duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, kada a ga rata ko kumfa. Nemi lamba da tambarin da aka zuba a jikin robar kanta, ba na kwali kaɗai ba. Kuma kada ƙyalli ya ruɗe ka. Robar kirki takan yi ɗan fari-fari kamar an shafa mata kaki, wannan kakin kariyarta ne ke fitowa, ba aibi ba ne. Wadda ke walƙiya kamar an shafa mata man gyaɗa ita ce abin tuhuma.

To amma ko an samu ta kirki, saura ɗaurawa, kuma a nan muke roƙon iyayenmu makanikai su saurare mu da kunnen basira. Mun sha gani da idonmu ana kashe sabuwar roba tun ba ta bar garaji ba. A sa guduma a yi ta dukanta har ta shiga, maimakon a matsa ta da injin matsi ko dogon ƙusa mai zare. A shafa mata baƙin mai don ta zame, alhali ruwan sabulu ne abokinta. Babba a cikinsu kuma shi ne a ɗaure ƙusoshin tamau mota na rataye a kan jak, ƙafa na lilo. Da an sauke mota sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, kowane rami kuma ya ƙara mata. Daidai shi ne a ɗaura sako-sako, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Wannan ba ya cin ko dala, amma yana iya zama bambancin wata uku da shekara biyu. A canza hagu da dama tare. A kai mota paralelizim bayan an gama. In inji na ɗigar da mai a kan roba, a toshe ɗigon tukuna. Masu wankin mota kuma, don Allah a daina fesa gazuwal da baƙin mai ƙarƙashin mota da sunan hana tsatsa. Ƙarfe ya ji daɗi, roba ta mutu.

Mu ma masu mota da fasinjoji ba mu fita ba. Bashe da aka yi don ɗaukar kusan tan ɗaya mu ɗora mata biyu, mutane su hau bisa kaya, sannan mu zagi roba. Ba robar da aka dafa a duniya don wannan.

Ga inda muka tsaya, kuma mun san ba kowa zai ji daɗi ba. Mun saba ɗora laifin duka a kan ƴan kasuwa, amma kasuwa abin da ake tambaya take kawowa. Ku tsaya a kowane shagon piyes ku saurara. Mai shago ya ce: “Alhaji, akwai ta jika biyu, akwai ta jika takwas.” Amsar da ya fi ji ita ce: “Ba ni ta biyun, Allah na nan.” In ya kawo ta kirki ta yi shekara a kan kanta ba mai tayawa, gobe ba zai sake kawo ta ba. Da haka muka kori kayan kirki daga kasuwanninmu da hannunmu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu yi lissafi, misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu. A ce ta jika biyu na yin wata uku, ta jika takwas na yin shekara biyu. Cikin shekara biyun nan za ka sayi mai arahar sau takwas, jika goma sha shida ke nan. Ka biya makanike sau takwas. Ka kwana takwas ba ka yi lodi ba. Ka ƙara tayar da ta cinye gefe guda. Wace ce mai tsadar? Kuma ba mu sa ran mutum a lissafin ba, don shi ba ya da farashi.

Mun san amsar da direba zai ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Zai ce: ku da ke rubutu, kun san abin da ke saura a aljihuna in na sha mai, na biya tasha, na kai ma mai mota nasa? Jika takwas ɗin a ina zan same ta yau, yara na jiran cefane? Gaskiya ne. Kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, komi ya ƙara tsada. Talaka ba don wauta yake sayen araha ba, don ita ce hannunsa ke kaiwa a ranar. Shi ya sa muke cewa wannan matsala ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma nasiha kaɗai ba ta magance ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da muke ganin za a iya yi, ba sai an jira kowa ba.

Sandikan direbobi na kowace tasha suna karɓar kuɗi kullum. A ware wani abu a yi asusun kayan gyara, kamar adashe. Tashar da ke da 504 ko Hiace ashirin, robarsu iri ɗaya ce. In an haɗa oda guda aka ba amintaccen ɗan kasuwa, ko ɗan gari da ke zaune a waje, kuɗin jirgi ya rabu, farashi ya sauko, direba ya ɗauka ya biya sannu a hankali. Abin da ya gagari mutum ɗaya a yuro, mutum ashirin na iya masa.

A fara rubutawa. Duk robar da aka ɗaura, makanike ya sa fenti ya rubuta wata da shekara a jikin hannun ƙarfen, a kuma sa a littafin tasha: wace iri ce, daga wane shago, yaushe ta mutu. Cikin shekara guda tasha za ta san gaskiyar da ba wani kwali da zai iya ɓoye ta. Yanzu kowa na shan wahalarsa shi kaɗai, ya manta, ya koma shagon da ya cuce shi.

Ƴan kasuwa kuma, ba mu ce ku daina sayar da mai araha ba, akwai mai buƙatarta. Abin da muke roƙo shi ne a kira kowace da sunanta. In ta wata uku ce, a ce ta wata uku ce. Kada a sa ta cikin kwalin wani a rantse da Allah. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma wannan aibi ne da ke iya kashe mutum. Wanda ya yarda da kayansa ya ba da takarda da garanti ko na wata shida ne, zai ga yadda direbobi za su yi layi a ƙofarsa. A kuma sauke roba daga ƙusa, a sa ta cikin kwali a inuwa.

Cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu, da manyan garaji masu aparanti, a koya ma yara bambancin roba da yadda ake ɗaure ta. Masu yankan roba ma a jawo su ciki, a zauna da su a tantance inda aikinsu ya dace da inda bai dace ba. Masu bizit teknik kuma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota da gaske, su girgiza ƙafa su gani, kada abin ya tsaya ga buga hatimi. Hukumomin da ke kula da ingancin kayan da ke shigowa ƙasa su san cewa jabun kayan ƙafar mota ɗan uwan jabun magani ne.

Dattijon nan na hanyar Dakoro, da wani guntun taya da waya ya ɗaure ƙafar motarsa, muka lallaɓa muka isa bayan la'asar. Da muna sallama ya shafa bayan motar ya ce injinta bai taɓa ba shi kunya ba. Mun yarda da shi. Motocin nan an gina su da ƙarfen da zai iya kai jikokinmu makaranta. Abin kunya ne a ce ƴar robar da ba ta kai kofin shayi ba ce za ta kai su bola, ko ta kai mu kushewa.

Yanzu magana ta koma gare ku. Direbobi, makanikai, masu shagon piyes, masu yankan roba: wace iri kuka ɗaura ta daɗe, a wace mota, a kan wace hanya, wata nawa ta yi? Ku rubuta a ƙasa, wanda bai iya rubutu ba ya aiko da murya. Ba ma son a kama sunan kowa don a ci masa mutunci, abin da ya yi aiki muke son ji don wani ya amfana. Ku tura ma direban da kuka sani.

Allah ya tsare mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.